Daga Tibiri zuwa tsibiri: Yadda hutun bakin teku ke shiga lissafin 'yan ci-ranin Dogon Dutsi

A rubuce, harafi ɗaya ne ya raba Tibiri da tsibiri. A kan hanya kuwa, mai son ya taka bakin teku daga garin Tibiri na jihar Doso a Jamhuriyar Nijar sai ya ci kusan kilomita 1,000 a mota. Abin da ke kewaye da garin gonakin gero ne da wake, sai kwarin Dallol Mawri wanda kogin cikinsa ya daina gudu tun dubban shekaru.

Sai dai wayar salula ta rage wannan tazara. A fadojin shan shayi na matasan Dogon Dutsi da Matankari da Gecheme da Kore Mairuwa, hotunan da ke yawo a WhatsApp da TikTok sun haɗa da farin rairayi, da shuɗin ruwa, da faranti cike da gasasshen kifi, da koren filin golf mai kama da darduma. Wasu hotunan na baƙi ne da ba a sani ba. Wasu kuma na ɗan unguwa ne da ke Abijan ko Legas ko Faransa.

Ga mutumin ƙasar Arewa, wato yankin Arawa da ya haɗa gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, bakin teku wurin nema ne tun kaka da kakanni. Sabon abu shi ne a je can don a kashe kuɗi, a kwanta, a huta. Wannan sauyi ya zo da tambayoyin da hoto ba ya amsawa: nawa ake kashewa, ta wace hanya ake bi, wane haɗari ke cikin ruwan, kuma me za a ce wa mutanen gida da ke jiran aike?

Sun san teku, amma a bakin aiki

Tun a ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano da Sakkwato ke ratsa kudancin wannan yanki, su tsallaka kogin Kwara ta wajen Gaya, su nufi Gwanja sayen goro. Da Turawa suka gina tashoshin jiragen ruwa da biranen gaɓar teku, sai tafiyar ta zarce har Akra da Lome da Kwatano da Abijan da Legas. Zangon da ke wasu daga cikin biranen nan shaida ce.

Tsarin bai sauya sosai ba har yau. Da zarar an gama girbi a watan Oktoba ko Nuwamba, samari da magidanta su kama hanyar bida. Idan hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu ko Yuni, su dawo shuka. Wannan na nufin a watan Disamba da Janairu, lokacin da otal-otal na bakin teku ke cika maƙil da masu hutun ƙarshen shekara, ɗan ci-rani yana nan a garin, amma a bakin aiki: gadi, tallan agogo da tabarau, sayar da shayi, tura ruwa, gasa nama.

Ko abincin da baƙi ke yabawa a gaɓar tekun akwai hannun mutanen Sahel a ciki. Tsiren da ake kira suya a Legas, cicinga a Akra, cukuya a Abijan, sana'ar Hausawa ce da maƙwabtansu. Abincin titi mafi farin jini a Abijan, wato garin rogon aceke da soyayyen kifin tuna, sunansa garba, kuma an fi danganta sunan da 'yan Nijar ɗin da suka shahara wajen sayar da shi.

Bafaranshen nan mai shirya fina-finai, Jean Rouch, ya ɗauki wannan rayuwa tun a shekarun 1950. A fim ɗinsa Jaguar, samari uku daga Nijar sun yi tattaki har Gana ta zamanin mulkin mallaka neman kuɗi. A Moi, un noir na 1958 kuma, marigayi Umaru Ganda ya fito a matsayin lebura ɗan Nijar a unguwar Treichville ta Abijan, mai fafutukar aikin yini, wanda ba ya samun sararin leƙa bakin ruwa sai ƙarshen mako.

Jikokin irin waɗannan mutane ne yanzu wasunsu suka zama manyan 'yan kasuwa a Adjame, ko ma'aikatan banki a Yamai, ko direbobi da injiniyoyi a Turai da Amurka. Su ne ke tambayar farashin ɗaki a otal ɗin da wataƙila kawunsu ya taɓa yi wa gadi.

Me ake saya a hutun tsibiri?

Masu tallata irin wannan hutu abu uku suke sa wa a gaba: rairayi, abinci da wasa. Tsibiri kuma yana ƙara abu na huɗu, wato keɓewa. Ruwa ya zama katanga, ba mai shigowa sai wanda ya biya kuɗin jirgi.

Wuraren sun kasu gida biyu. Akwai na kusa, waɗanda ɗan ci-rani zai iya zuwa ya dawo a yini guda. A Kwaddibuwa akwai Grand-Bassam, kimanin kilomita 40 gabas da Abijan, babban birnin farko na Turawan Faransa a ƙasar, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2012. Gaba da shi akwai Assinie, wani siririn tudun rairayi tsakanin tafki da teku inda attajirai ke gina gidajen hutu. A cikin tafkin Abijan kansa akwai tsibirin Boulay. A Legas akwai Tarkwa Bay da Ilashe, waɗanda ake zuwa da ƙaramin jirgin ruwa. A Gana akwai Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga teku ya bar ƙananan tsibirai. A Dakar akwai Ngor, da kuma Goree mai tarihin cinikin bayi.

Sai na nesa, waɗanda sai da jirgin sama. Cape Verde, mai tsibiran Sal da Boa Vista, ta karɓi baƙi sama da miliyan 1 a 2023, kusan ninki biyu na yawan al'ummarta. A Tunisiya akwai Jarba, tsibirin da ya shiga jerin UNESCO a 2023. A gabashin Afirka akwai Zanzibar da Morishus da Seychelles, can gaba kuma Maldives a tekun Indiya.

A manyan otal-otal na waɗannan tsibirai an fi sayar da hutun a dunƙule: kuɗi ɗaya ya haɗa ɗaki da abinci sau uku da abin sha. Tsarin yana da sauƙi ga baƙo, domin ya san abin da zai kashe tun kafin ya tashi. Illarsa tana kan mutanen gari. Baƙon da aka riga aka ciyar da shi a cikin otal ba shi da dalilin fita ya sayi abinci wurin mai tebur a bakin titi, kuma da yawa daga cikin manyan otal-otal ɗin na kamfanonin waje ne. Duk wanda ya taɓa riƙe tebur a kurmi ya san ma'anar wannan.

Golf: wasan fili da ruwa

Cikin abubuwa ukun nan, golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, shi ne mafi nisa da rayuwar Arewa. Dokarsa ba ta da wuya. Cikakken fili yana da ramuka 18. Ɗan wasa zai riƙa bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, sannan ya wuce na gaba. Wanda ya kammala da bugu mafi ƙaranci shi ya yi nasara. A yawancin manyan filaye, bugu 72 ne ma'aunin gwani. Ba a yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna sama da 14 ba, kuma zagaye ɗaya kan ci kimanin sa'o'i huɗu.

Wannan doguwar tafiya a ƙasa ita ce sirrin wasan. Sa'o'i huɗu mutum na tafe da abokin hulɗa, babu hayaniya, ana hira. Shi ya sa 'yan kasuwa da manyan jami'ai ke son sa, shi ya sa kuma masu otal ke gina filin don su jawo baƙin da ke da kauri a aljihu. A Morishus akwai ƙaramin tsibirin Ile aux Cerfs, inda shahararren ɗan wasan Jamus Bernhard Langer ya tsara filin da aka buɗe a 2003, kuma da jirgin ruwa ake kai 'yan wasa. A Sipopo da ke tsibirin Bioko na Equatorial Guinea, an gina otal da fili mai ramuka 18 a shirin taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2011. A biranen da 'yan Arewa suka sani akwai Ivoire Golf Club a Abijan, da Achimota a Akra, da Ikoyi Club a Legas.

Tsadar wasan daga ƙasa take tasowa. Fili mai ramuka 18 kan cinye hekta 50 zuwa 70, kuma ciyawarsa tana son ban-ruwa kusan kullum. Manomin dankalin Turawa a Dogon Dutsi, wanda ya san abin da rijiyar burtsatse da injin ban-ruwa ke ci kafin hekta ɗaya ta yi kore a rani, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Ƙasashen Sahel sun nemo tasu dabarar. A filin Rio Bravo da ke wajen Yamai, kan hanyar Tillaberi, a kan ƙasa da rairayi ake wasan. Maimakon lallausar ciyawa a kewayen rami, yashi ake daddaɓewa, ɗan wasa kuma ya riƙa yawo da ɗan guntun ciyawar roba da zai ɗora ƙwallo a kai. Tsofaffin filayen Kano da Kaduna da Jos kuwa tun zamanin Turawa suke.

Akwai kuma wata ƙofa da talaka ke shiga wasan ta cikinta: ɗaukar jakar sanduna. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya da Gana da Kwaddibuwa sun fara ne suna yara masu bin 'yan wasa da jaka a kafaɗa, suna koyon bugu idan fili ya yi shiru.

Hanya da takardu

Hanyar da aka saba bi daga Arewa zuwa teku ita ce Dogon Dutsi zuwa Doso, Doso zuwa Gaya, a haye gadar Malanville, a ratsa Parakou a sauka Kwatano. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe wannan iyaka. Ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairun 2024 kuma Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ci gaba da rufe nata, sai matafiya suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale, da ƙarin kuɗi da ƙarin haɗari. Wasu kan zaɓi ratsawa ta Najeriya, ta jihar Kebbi inda 'yan uwansu Arawa suke a Kangiwa, ko ta Konni da Illela.

Batun takardu ma ya sauya. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin, ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su shiga su fita babu biza, har sai an sanar da wani sabon tsari. Alfarma ce da za a iya sauyawa, don haka wajibi ne matafiyi ya tambayi ofishin jakadancin ƙasar da zai je kafin ya biya kuɗin tikiti. Katin rigakafin shawara kuwa ana neman sa a kusan kowace iyaka ta yankin.

Tsibiran nesa kowanne da dokarsa. Maldives tana ba da bizar kwana 30 a filin jirgi, amma sai an nuna tikitin komawa da shaidar masauki. Seychelles ba ta neman biza, sai dai dole a nemi izinin shiga ta intanet kafin a tashi, kuma a 2023 ta tsaurara wa masu fasfon Najeriya. Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar dala 44 tun daga 1 ga Oktoban 2024. Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai babu jirgin da ke zuwa waɗannan tsibirai kai tsaye, sai an ya da zango a birane irin su Adis Ababa ko Kasablanka ko Istanbul.

A nan ne 'yan damfara ke samun shiga. Shafukan bogi masu tallan hutu da rahusa sun yi yawa a Facebook da Instagram. Kafin a tura ko sisi, a nemi lambar otal ɗin daga shafinsa na ainihi, a kira a tabbatar. Wanda kuma aka ce masa ya shiga da bizar yawon buɗe ido za a sama masa aiki a otal idan ya isa, ya sani cewa aiki da irin wannan biza laifi ne a waɗannan ƙasashe, ƙarshensa kamu da kora.

Lissafin aljihu da lissafin gida

Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun daga Janairun 2024. Inshorar Zanzibar kaɗai ta haura rabin wannan kuɗi. Yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne, farashin da ba ya motsi. Ke nan ɗakin da aka sa wa yuro 100 a dare ya kama sefa 65,600, sama da albashin wata ɗaya da rabi na ƙaramin ma'aikaci. Dare huɗu ya tashi sefa 262,400, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na filin golf ba.

Wuraren kusa sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Benin da Togo da Kwaddibuwa da Senegal duk sefa ɗaya suke kashewa da Nijar, babu asarar canji. Mazaunin Abijan zai iya shiga motar haya da safe zuwa Grand-Bassam, ya ci kifi da aloko, ya dawo kafin isha'i.

Sai dai lissafin ɗan Arewa ba ya tsayawa a aljihunsa. Damina a yankin wata uku zuwa huɗu ce, kuma a shekarar da ruwa ya yi gardama rumbu kan ƙare tun kafin sabon gero ya nuna. Kuɗin da ake turowa ta Nita ko Al Izza ko Amana su ne ke sayen buhun hatsi, da taki, da magani, da ragon suna. A irin wannan gida, hoton ɗa a kwance bakin teku yana iya zama magana. Uwa ba za ta ce komai ba, amma ƙannai da maƙwabta za su yi lissafi.

Ga ɗan ci-rani na gargajiya ma, kalmar hutu tana nufin komawa gida: a yi sallah cikin dangi, a gaida tsofaffi, sannan a ɗauki hauya. Hutun da mutum zai tafi inda ba shi da kowa, ya biya kuɗi don kawai ya zauna, baƙon tunani ne. Shi ya sa wasu da ke zuwa ba sa sa hoton, wasu kuma da ba su kwana ba sukan sa hoton kamar sun kwana.

Duk da haka, masu ganin hutun ya dace suna da hujja. Mutumin da ya shekara biyar yana aikin dare a Turai, ko yana tsaye a shago daga safe zuwa dare a Lome, jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suna da haƙƙi a kansa. Ma'auratan birni da ke son kwana uku su kaɗai bayan biki ba su yi laifi ba. Inda matsalar take shi ne hutun da aka ci bashi aka yi, ko wanda aka yi don a burge masu kallon waya. Wanda ya ware kuɗin gida daban, ya tara na hutu daban a hankali, shi ne ke dawowa da kwanciyar hankali.

Iya ruwa fidda kai

Yaron da ya koyi iyo a tafkin damina kan ɗauka ya iya ruwa. Tekun Gini daban yake. Daga Abijan har Legas igiyar ruwa tana da ƙarfi, kuma akwai wuraren da ruwan da ya bugi gaɓa ke komawa ciki ta wata siririyar hanya da gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Abin ruɗin shi ne wurin kan yi kama da inda ya fi lafawa. Kowace shekara ana rasa rayuka a Grand-Bassam da Lome da Kwatano da Legas, musamman a ranakun bukukuwa.

Masu aikin ceto suna ba da shawara iri ɗaya a ko'ina. Idan ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye, domin gajiya ce ke kashewa. Ya bar jikinsa ya taso, ya yi iyo a gicciye yana bin tsawon gaɓar har ya fita daga hanyar ruwan, ya ɗaga hannu neman taimako. Jan tuta na nufin kada a shiga. Inda babu masu ceto, a tsaya iya gwiwa. A jirgin zuwa tsibiri kuma a sa rigar kariya, a guji jirgin da aka cika fiye da ƙima da tafiyar dare.

Tsaro ma abin dubawa ne. Ranar 13 ga Maris na 2016 'yan bindiga sun buɗe wuta a bakin tekun Grand-Bassam, suka kashe mutum 19. Tun daga nan aka ƙara jami'ai da bincike a wuraren shaƙatawa, don haka yawo babu takarda a jiki ganganci ne.

Ta fuskar abinci, Musulmi ba ya shan wahala a Jarba da Zanzibar da Maldives da Senegal, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne. A sauran wurare sai an tambaya, domin wasu miyar Turawa da giya ake haɗa su, kuma ana iya gasa naman alade a kan waya ɗaya da kifi. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya fara da kaɗan, saboda akwai jikin da ba ya karɓar su. A Maldives, tun 2009 aka ba mazauna tsibirai damar buɗe ƙananan masaukai. Sun fi manyan otal-otal araha sosai, ba a sayar da giya a garuruwan, kuma masallaci yana kusa.

Wa ake tayarwa kafin a shimfiɗa kujera?

Akwai ɓangaren labarin da ya fi shafar ɗan ci-rani fiye da baƙon otal. Duk inda bakin ruwa ya yi daraja, talakan da ke zaune a wurin ne ke fara tashi. A watan Janairun 2020 sojojin ruwan Najeriya sun tashi dubban mazauna Tarkwa Bay, bisa zargin cewa ana fasa bututun mai a yankin. A watan Afrilun 2024 aka rushe wani sashe na wurin shaƙatawar Landmark a Legas don aikin babbar hanyar gaɓar teku zuwa Kalaba, ma'aikata da masu ƙananan sana'o'i da dama suka rasa abin yi. A Benin, gwamnati tana mayar da gaɓar da ke tsakanin Kwatano da Ouidah yankin yawon buɗe ido, da shirin manyan otal-otal da filin golf a Avlekete, inda ƙauyukan masunta suke.

Irin waɗannan ayyuka suna kawo aikin yi, amma aikin mai albashi ya fi zuwa hannun wanda ke da takardar shaidar koyon girki ko kula da baƙi, kuma yake jin Faransanci ko Ingilishi. Mai tura baro da mai tallan tabarau sau da yawa bayan shinge suke ƙarewa. Ga matashin Arewa da ke tunanin tafiya bida, wannan darasi ne: sana'ar hannu da harshe su ne ke raba wanda ke ciki da wanda ke waje.

Abin da aka bari a gida

Masu tsibirai ba su fi Arewa labari ba, sun dai fi ta iya sayar da shi. Dutsen da ya ba Dogon Dutsi suna yana nan tsaye a gefen babbar hanyar Yamai zuwa Maradi. A arewacinsa akwai Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, labarin da Abdoulaye Mamani ya mayar littafi a 1980, Med Hondo ya mayar fim a 1986, fim ɗin kuma ya lashe babbar kyautar FESPACO a 1987. Akwai Bagaji garin Baura, da Matankari tsohuwar cibiyar sarautar Arewa, da fadar Samna a Tibiri. Dallol Mawri yana cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2004.

Mai son ruwa ma ba sai ya kai teku ba. Jihar Doso tana da nata tsibirin, Lete, a tsakiyar kogin Kwara kusa da Gaya, wanda kotun duniya da ke Hague ta tabbatar wa Nijar ranar 12 ga Yulin 2005 bayan doguwar taƙaddama da Benin. Kusa da Yamai akwai Bubon, garin tukwane da kasuwar Laraba, da tsibirinsa inda ake hangen dorina. A tsallaken iyaka akwai Argungu, mai bikin kamun kifin da ya samo asali tun 1934, wanda UNESCO ta amince da shi a 2016.

Abin da ya hana waɗannan wurare cin moriyar baƙi sananne ne: ƙarancin masauki mai tsafta, rashin hanya mai kyau zuwa ƙauyuka, rashin masu jagora da aka horar, sannan uwa uba matsalar tsaro. Harin 9 ga Agustan 2020 a dajin raƙuman dawa na Kure, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya kusan tsayar da zuwan Turawa baki ɗaya.

Wannan ya bar baƙo guda ɗaya da ba ya fasa zuwa ko da wane hali ake ciki, wato ɗan gida da ke waje. Yana zuwa da sallah, yana zuwa biki, wani lokaci da 'ya'yan da aka haifa a Abijan ko Brussels waɗanda ba su taɓa jin sunan Lugu ba. Ya ga yadda ake shirya teburin baƙi a Assinie, ya ga yadda ake karɓar kuɗin shiga a Goree. Ɗan kasuwar da zai gina ɗakuna goma masu ruwa da wutar sola a Dogon Dutsi, da matashin da zai koyi tarihin Sarauniya ya riƙa kai mutane, wannan baƙon za su fara samu.

Kaka na zuwa, motocin Gaya da Konni za su sake cika da samari masu ƙaramar jaka. Mafi yawansu za su ga teku daga bayan teburin sana'a, kamar iyayensu. Kaɗan za su shiga jirgi su haye tsibiri a matsayin baƙi. Ga waɗannan, abin da ya rage shi ne su tabbatar da takardunsu, su tura na gida kafin su biya na otal, kuma idan sun ga jan tuta a bakin ruwa su tsaya a kan rairayi.